Wake a Gwangwani

Shekarar da 'yata ta cika bakwai, ciwon sikila ya yi ta kwantar da ita a kai a kai. A kwanciyar da muka yi gab da shigowar bazara, likita ta dubi yarinyar tana barci da allurar ƙarin ruwa a bayan hannunta, sannan ta dube ni ta ce a bar ta ta huta a gida ko da zango ɗaya ne. Ta ce zafin ranar nan, da hawa napep safe da rana, da rashin shan ruwa a makaranta, duk suna tayar mata da ciwon. Ban yi musu ba. Ni kaina na riga na ajiye koyarwar da nake yi a wata firamare mai zaman kanta, don babu makarantar da za ta daɗe tana haƙuri da malamar da ke ɓacewa kowane wata.

Ƙaninta yana da shekara biyar a lokacin. Da aka koma makaranta ya ga shi kaɗai ake sa wa yunifom, sai ya kafa kuka. Kullum da safe sai na ɓamɓare yatsunsa daga jikin ƙofa kafin mai napep ya ɗauke shi, kafin azahar kuma malamarsa ta kira ni ta ce ya ƙi shiga aji. Da na gaji na kira babansu a waya.

Ya ce, "To ai ke malama ce. Ki riƙe su duka biyun mana. Me za a koya musu can wanda ba ki sani ba?"

Daga wani gari mai nisa yake faɗin haka, inda yake aikin rabon kayan agaji. Sai ƙarshen wata yake zuwa gida, wani lokacin ma watan ya ƙare bai zo ba.

Gidan haya muke a unguwar Mairi, a gefen birnin Yerwa, ɗaki uku da kicin, rabin tsakar gidan siminti, rabin ƙasa. Darbejiyar maƙwabta ta leƙo ta kan katanga tana ba mu inuwa, a nan na shimfiɗa tabarma na ce ita ce ajinmu. Mahaifiyar maigidana tana zaune tare da mu. Kanuri ce, a ƙauye aka haife ta, a can ta yi aure ta yi noma har ta tsufa, sai da rikici ya taso su ta shigo gari, tun kafin in auri ɗanta. Ni kuwa 'yar Yerwa ce, kasuwanci ya kawo iyayena daga Kano. Kanurina na cefane ne, Hausarta kuma ta gaisuwa ce da 'yan buƙatu, tana ce wa mace shi, tana ce wa namiji ita. Mun yi shekaru tare ba mu taɓa sa-in-sa ba, ba mu kuma taɓa doguwar hira ba. Yara suna kiran ta Kaka, ni ina ce mata Iya.

Karatu da lissafi na fara da su, amma abin bai tafi ba. Yaron ba ya iya zama, yarinyar kuma kafin ta cika layi biyu ta ce yatsunta sun gaji. Ba wuta, ba fanka, da hantsi iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu take fitowa. Wata rana yaron ya tsinko ganyen darbejiya yana ƙirga haƙoran da ke gefensa maimakon tsakuwar da na ba shi. Na ce to, mu ƙirga ganye. Daga nan abin ya fara, ba wani shiri na yi ba.

Muka riƙa fita da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, ni riƙe da gorar ruwan yarinyar, su riƙe da leda. Mu bi layinmu har bakin titi muna tsinkar ganye: zogale a bayan wani masallaci, lalle a katangar wani gida, mangwaro, gwaiba, tumfafiya a fili inda ake zubar da shara. Tumfafiyar ni nake tsinka, don kada ruwanta ya shiga idon wani. In mun dawo mu baje su a tabarma, a ware masu santsi da masu kaushi, masu faɗi da 'yan sirara. Sai su ɗora takarda a kan ganye su goga fensir har jijiyoyinsa su fito. 'Yata ta iya wannan sosai. Tana yi tana cije leɓe, in ta gama ta manna a bangon ɗakinmu da ƙullun fulawa.

Wata safiya wata maƙwabciya ta gan mu da ledar ganye ta tsaya. Ta ce, "Maman yara, an koma na gargajiya ke nan? Gara haka wallahi, na asibitin nan ba ya ƙarewa." Ta shiga ba ni kwatancen wani mai magani a can wajen Kasuwar Kwastam, wanda ya warkar da ɗan ƙanwar mijinta. Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ji ba ni da ƙarfin yin sa. Na ce na gode, Allah ya sa a dace.

Mun ɗaura leda a reshen darbejiya da safe, da la'asar muka tarar ruwa ya taru a ciki. Yaron ya ce ashe ita ma bishiya tana gumi kamar Mama. Na jiƙa bular wanki a kofi na tsoma ganyen kabeji, na yi musu alkawarin za su ga shuɗi yana hawa ta cikin jijiyoyinsa. Suka wuni suna leƙe, bai hau ba, ganyen ya yi yaushi kawai. Sai da na samo kalar da ake sa wa kek sannan ya yi, amma kafin nan yaron ya daina yarda da alkawarina.

In na ba da labarin nan mutane sukan ce abin sha'awa, sukan ce ina ma su ne. Ni abin da na fi tunawa shi ne barci. Barci nake ji tun daga asuba har magariba. Ga wanki, ga girki a gawayi, ga jiran mai ruwa ya turo kura, ga maganin yarinyar, ga bin ta da kofi ana sha ana ƙi. Kuma ko tana wasa idona na kan fuskarta, ina duba ko idonta ya ƙara rawaya, ko tana ɗingishi, ko ta dafa baya. Sau da yawa ina tsakiyar faɗa musu yadda ganye ke cin hasken rana sai in ji kaina ya sunkuya, sai dariyarsu ta tashe ni.

Duk wannan Kaka tana zaune a bakin ƙofarta da carbi, tana kallo.

Sai muka zo kan wake. Cikin wanda na auno a Kasuwar Kwastam don girki na ɗebi tafi ɗaya na jiƙa. Wasu muka sa a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, sauran muka shuka a gwangwanayen madara da na tumatir da na huda musu gindi da ƙusa. Yara suka cika su da ƙasa, suka roƙo kashin awaki a maƙwabta. Niyyata mai sauƙi ce, kamar yadda na saba yi a aji: in sun tsiro, duk bayan 'yan kwanaki mu tuge ɗaya mu wanke, mu ga yadda saiwa ke ƙaruwa, yarinyar ta zana.

Da suka fara fasa ƙasa, kowanne ya fito a sunkuye da ɓawonsa a ka, sai na lura Kaka ta sauya wurin alwala. Da a bakin magudana take yi. Yanzu sai ta ɗauko butarta ta tsuguna a gaban gwangwanayen, ta wanke hannu a kan wannan, ta wanke fuska a kan wancan. Da rana ta take kuma sai in ga an ja su zuwa inuwa. Na ji daɗi a raina, na ce ashe abin ya burge ta.

Ranar da muka zo tuge na farko, Kaka ta shiga wanka. Yarinyar ta tuge a hankali, muka wanke shi a kwano, farar saiwa ta fito da 'yan gashi-gashi. Suka yi ta mamaki wai duk wannan yana ɓoye a ƙasa. Ta zana, na yar da tsiron a shara. Na biyun kuwa yaron ne ya ce layinsa ne, kuma Kaka tana zaune a wurinta. Ya kama karan da yatsu biyu ya fara ja.

Ban ga tasowarta ba. Ƙarar marin kawai na ji, a bayan hannunsa. Yaron ya saki, ya tsaya da baki buɗe, don Kaka ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba, sannan ya fashe da kuka.

Na ce, "Iya, lafiya? Me ya yi?"

Ba ta dube ni ba. Tana tsugune tana danna ƙasa a gindin tsiron da babban yatsa. Ta ce, "Ya kashe."

"Ba ɓarna yake yi ba, ni na sa shi. Karatu ne. So nake su ga saiwar."

"Saiwa tana ciki. Kowa ya sani tana ciki."

"Ai su ba su sani ba, Iya, sai sun gani da ido. Kuma waken kasuwa ne fa, na miya. Gobe ma sai in jiƙa wani."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta ce, "Shi bai sani ba na kasuwa ne. Ya sha ruwa, ya fito." Ta ƙara wasu maganganu da Kanuri, da sauri, na tsinci gona, na tsinci ƙauye, sauran suka wuce ni. Ta kwashi gwangwanayen bibbiyu ta jera su a bakin ƙofarta, ta zauna a gabansu.

Na rarrashi yaron, raina a ɓace. Da yamma na kira babansu. Ya saurara, na ji yana ƙoƙarin danne dariya.

Ya ce, "Haba, yanzu a kan wake? Ki bar mata mana. Kin san shekara nawa rabonta da ta ga abin da ta shuka?"

Na ce ba ita ta shuka ba. Ya ce in yi haƙuri, layi ba kyau, zai kira. Na zauna da wayar a hannu. Na san da gaskiyarsa, na san kuma da tawa, amma ban da ƙarfin tsayawa a kan tawa. Washegari na gaishe ta kamar kullum, ta amsa kamar kullum, gwangwanayen suka zama nata.

Da ruwan farko ya sauka, Kaka ta aiki yaron maƙwabta ya aro fartanya. Na fito daga kicin na tarar da ita a duƙe a gindin katanga, ta ɗaure zani a ƙugu, tana sarar ƙasar da muke shanya a kanta. Ƙasa ce mai tauri, cike da guntun bulo da tsofaffin leda, ta tsince su tas. Matar da sai ta dafa bango take miƙewa, ranar ta yi aiki har azahar ba ta zauna ba. Ta dasa waken, ta sa aka sayo mata irin kuɓewa da yakuwa, ta zuba gero layi guda a jikin katangar.

Yara suka watse daga tabarmata suka koma gonar Kaka. Haka suke kiran ta, gona, alhali ko tsawon tabarma biyu ba ta kai ba. Da sun gama karin kumallo suna can, tana nuna musu ciyawa da abin da ba ciyawa ba, suna tsince tsutsa daga bayan ganye suna tarawa a murfin kwalba. Sunayen abubuwa suka riƙa shigo mini ɗaki da Kanuri. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba, amma na ji sauƙi ya fi kishin yawa. A karon farko tun bazara na samu ina kwanciya da hantsi, ko da na ɗan lokaci ne.

Daga baya na lallaɓa na shigar da karatuna ta gefe. Na ba 'yata gawayi, duk Juma'a ta ja layi a katanga daidai tsawon geron, mu auna da tsinken tsintsiya mu ga nawa ya ƙaru. Ta zana ganyen wake mai uku-uku, ta zana na kuɓewa mai kama da tafin hannu. Yaron ya gano cewa waken yana naɗe igiyar da Kaka ta ɗaura masa ta gefe ɗaya kullum, ya warware shi ya naɗa ta ɗaya gefen, washegari ya tarar ya koma yadda yake so. Kaka ba ta hana awo ba, ba ta hana zane ba. In dai ba za a tsinka ba, ba ruwanta. Watan nan yarinyar ba ta kwanta ba ko sau ɗaya, har kumatunta suka ɗan ciko.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a danginmu a Yerwa, na tafi gaisuwa. Da zan fita gari garau yake. Na ce wa Kaka ga abinci a kula, ga ruwan yarinyar, ba zan daɗe ba. Ina can hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa mai iska, titi ya cika, napep suka ɓace. Sai bayan la'asar na samu na dawo.

Na tarar da su a ɗakin Kaka, an hura gawayi a kasko, yaran suna sanye da busassun kaya suna shan shayi. Suka tarye ni da labari, kowa na rige-rigen faɗa. Wai indararo ne ya riƙa zuba a kan gonar, ruwa ya taru zai kwantar da geron, suka fita su uku suka haƙa masa hanya da fartanya da murfin tukunya har ya bi ta magudana. 'Yata tana dariya tana cewa ita ta riƙe geron da hannu biyu don kada iska ta karya shi. Na waiga na ga rigarta a kan igiya tana ɗiga. Na taɓa ƙafarta, sanyi ƙalau.

Na ce, "Iya, ai an sani. An sani sarai ruwan sama ba ya taɓa ta. Sau nawa ake ganin mu muna tafiya asibiti?"

Ta ce, "Kaɗan ne. Na ce ta shiga, ya ƙi."

"Yarinya ce! In ta ƙi sai a bar ta? A kan gero layi ɗaya? Wallahi in wani abu ya same ta…"

Ban ƙarasa ba. Kaka ta sunkuyar da kai tana juya garwashi da tsinke. Na ja 'yata zuwa ɗakinmu, na shafe ta da man zafi, na lulluɓe ta, na yi ta ɗura mata ruwan ɗumi.

Bai hana ba. Da gari ya waye ta kasa taka ƙafa, kafin hantsi ciwon ya hau baya da ƙirji. Wanda bai taɓa jin kukan mai sikila ba ba zan iya kwatanta masa ba, kuma ba na so. Na goya ta, ƙatuwa da ita, ƙafafunta na dukan cinyoyina, na fita neman napep. Kaka ta biyo ni har ƙofar gida da mayafina da na manta, na karɓa ban dube ta ba.

Mun fi mako a asibiti. Jininta ya yi ƙasa sai da aka ƙara mata. Babanta ya zo a rana ta uku ya kwana biyu ya koma, ƙanwata ce ke kawo mana abinci daga Yerwa. Yaron yana gida wurin Kaka. Ni dai ina kan kujerar roba a gefen gado, ina matsa mata ƙafa, in hannu ya gaji in sauya. Da ciwon ya fara sakinta, abin da ta fara tambaya shi ne ko waken ya yi fure, don ta bar shi da 'yan ƙulli a jiki. Na ce in mun koma za ta gani. Kullum sai ta tambaya. Har ta sa ƙanwata ta kawo mata fensir mai kala, wai don furen.

Ranar da aka sallame mu, 'yata ce ta fara shiga gida, tana takawa a hankali tana dafa bango. Na biyo ta da kaya, na same ta tsaye a tsakar gida. Gindin katangar fayau yake. Ba wake, ba gero, ba kuɓewa, an baje ƙasar an share, har sawun tsintsiya ana gani. Layukan gawayinta ne kawai a jikin bango.

Yaron ya rugo ya rungume ni. Ya ce, "Kaka ce ta cire. Duka. Ta ba awakin gidan can. Na ce ta bari ta ƙi. Kuma Mama, waken ya yi fure, na gani, fari da ɗan shuɗi."

'Yata ta zauna a ƙasa ta fasa ihu. Na zubar da kayan na riƙe ta ina cewa ta yi shiru, kuka zai dawo mata da ciwo, ta tuna allura. Tana fizgewa tana kiran Kaka, tana faɗa mata magana da Kanurin da ita Kakar ta koya mata. Labulen ɗakin Kaka bai motsa ba. Da ƙyar na kai ta gado, ta yi ta ajiyar zuciya har barci ya ɗauke ta.

Abin da nake so a lokacin shi ne in yi wanka in kwanta. Amma na san akwai saura. Na yi sallama a ƙofar Kaka na shiga. Ta rame. Tana zaune a bakin katifa, a gefenta ga kayanta an ɗaure a zani, ga butarta a kai.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da gaisuwar Kanuri, "Wushe. Yaya jikinsa?"

"Da sauƙi, Iya. Wannan kayan fa?"

Ta ce za ta koma wurin 'yarta, ƙanwar maigidana, da ke aure a wata unguwa can bayan gari. Jira take mu dawo don kada ta bar yaron shi kaɗai.

Na ce, "A ɗaki ɗaya suke fa da 'ya'ya biyar. Ina za a kwana?"

Ta gyara zaman butar a kan ƙullin.

Na ce, "Iya, ni ban ce a cire shukar nan ba."

"Ba ki ce ba. Ni na ce."

"Shukar fa yarinyar take ta tambaya a asibiti. Da an bari ta gani."

"In yana nan, ruwa ya zo, za ta fita." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni ma zan fita."

Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ga ƙafafuna sun kumbura saboda zaman kujera. Na ba ta haƙuri a kan maganar da na faɗa ranar ruwa. Na ce tsoro ne ya sa. Na ce in ta tafi me zan ce wa ɗanta, wa kuma zai riƙe mini yaron in aka sake kwantar da mu, don za a sake, ni da ita duk mun sani. Wannan ta ƙarshen ce ta shige ta. Ba ta ce ta fasa ba, amma da na jawo ƙullin na kwance na mayar da kayan cikin akwatinta, ba ta hana ni ba.

Sauran damina ta wuce a daddafe. 'Yata ta yi kwanaki ba ta shiga ɗakin Kaka ba, in ta gaishe ta ma daga nesa ne, da Hausa. Kaka ta koma bakin ƙofarta da carbi. Na yi ƙoƙarin tayar da karatun tsirrai, na ɗora albasa a bakin kofi da ruwa na ce su zo mu ga abin da zai faru. Yarinyar ta ce ba ta so. Yaron ya kula da ita kwana biyu ya manta, albasar ta ruɓe ta cika kicin da wari, na zubar. Muka koma karatu da lissafi, kaɗan-kaɗan, ranar da na iya. Shirin da yarinyar suka yi da kakarta ban san ranar da aka yi shi ba. Na dai fito wata rana na ga yarinyar zaune tsakanin ƙafafun Kaka ana yi mata kitso, ba mai magana a cikinsu.

Da sabuwar shekarar karatu ta zo, likita ta ce a gwada a mayar da ita. Na kai su da kaina. Na samu malamar ajinta na yi mata bayani dalla-dalla: a bar ta ta sha ruwa ko ana tsakiyar darasi, a bar ta ta fita fitsari ba sai ta roƙa ba, ban da gudu a rana, in ta ce wani wuri na ciwo a kira ni nan take. Malamar tana gyaɗa kai, yara kusan hamsin na ihu a bayanta. Yaron kuwa da ya ga yayarsa ta shiga aji, ya shige nasa ko waige bai yi ba.

Na dawo gida na tarar da shi shiru, irin shirun da na manta da shi. Kwanukan safe na nan, wanki na jiƙe a baho. Na ɗauki tsintsiya na fara shara. Kaka ta taso, ta dafa bango ta iso inda nake, ta zare tsintsiyar daga hannuna.

Ta ce, "Je ka kwanta."

Na ce shinkafa zan ɗora. Ta sake cewa in je in kwanta. Na shiga ɗaki da niyyar in ɗan miƙe bayana, wayata a kusa da kunne ko za a kira daga makaranta. Ba a kira ba. Hon ɗin mai napep ne ya tashe ni, rana ta riga ta karkata, ko azahar ban yi ba. Na fito a firgice na tarar Kaka ta yi burabisko da miyar kuka, ta zuba wa yaran a faranti ɗaya. Suna ci da yunifom a jikinsu, yaron yana ba da labarin wani ɗan ajinsu da ya zo da takalmi ƙafa ɗaya daban da ɗaya. Na ɗauki buta na nufi bayan gida.